Hadayar Konfushiyas a Sin ta Yau: Wa Ya Farfaɗo da Ita, Kuma Wa Ke Riƙe da Ita?

Tambaya: Na ga hotunan wani biki a ƙasar Sin inda manyan jami'an gwamnati suke sunkuyar da kai a gaban haikalin Konfushiyas, ga masu rawa sanye da tufafin zamanin sarakuna. Ta yaya gwamnatin da jam'iyyar Kwaminis take jagoranta, wadda ba ta yarda da addini ba, ta koma shirya irin wannan biki? Addinin dā ne ya dawo, ko kuwa siyasa ce kawai?

Amsa: Malam, bisa ga yadda ka kwatanta shi, bikin da ka gani shi ne wanda ake yi kowace ranar 28 ga Satumba a garin Qufu da ke lardin Shandong, mahaifar Konfushiyas, wanda mutanen Sin suke kira Kongzi, wato Malam Kong. An haife shi a shekara ta 551 kafin Miladiyya, ya rasu a 479. Abin da nake gani shi ne gwamnati ta dawo da siffar hadayar, ta ƙawata ta, ta ɗauki nauyinta, amma ta yi haka ne a kan sharaɗi guda wanda ba ta taɓa sassautawa ba: a kira abin al'ada, kada a kira shi addini, kuma kada a sami wata ƙungiya mai zaman kanta da za ta ce ita ce mai iko a kansa. Wanda ya fahimci wannan sharaɗi zai daina mamakin yawancin abubuwan da suke kama da tufka da warwara a wannan al'amari.

Ya kamata mu fara da sanin yadda hadayar take a asalinta, domin ba za a gane abin da aka canza ba sai an san abin da aka gada. A zamanin sarakuna ana yin ta sau biyu a shekara, a wata na biyu da na takwas na kalandar wata, tun kafin ketowar alfijir. Masu gabatar da ita sukan yi kwanaki suna tsarkake kansu, suna ƙauracewa giya da wasu abinci. A ranar bikin akan buɗe babbar ƙofa a yi abin da suke kira tarbar ruhu, sannan a miƙa alharini da giya da hatsi, tare da sa da rago da alade waɗanda aka yanka aka gyara. Ana miƙa giyar sau uku, a karanta rubutacciyar addu'a, a yi rakiyar ruhu, a ƙarshe a ƙone alharinin da takardar addu'ar. A tsakanin waɗannan matakai ana kaɗa ƙararrawar tagulla da duwatsu masu amo, samari kuma suna rawa a jere cikin natsuwa, kowanne riƙe da dogon gashin tsuntsu a hannun dama da sarewa a hagu. Yawan layukan masu rawar ma magana ce ta matsayi: layi takwas na mutum takwas-takwas, wato 64, haƙƙin sarkin sarakuna ne, shida na sarakunan yankuna, huɗu na manyan fadawa. A cikin maganganun Konfushiyas da almajiransa suka tattara akwai inda ya fusata da wani gidan fadawa na ƙasarsa ta Lu, gidan Ji, saboda sun sa an yi musu rawar layi takwas a farfajiyarsu, ya ce idan har za a iya jure wannan, to babu abin da ba za a iya jurewa ba. Ka ga tun daga tushe, tsarin biki a wajen wannan mutum magana ce ta wane ne ke da iko da wane ne ba shi da shi.

Wannan ne ya kawo mu ga abin da masu kallo daga nesa suka fi mantawa, wato hadayar Konfushiyas ba ta taɓa zama ibadar talakawa ba. Kayan hukuma ce tun fil azal. Liu Bang, wanda ya kafa daular Han, ya tsaya a Qufu a shekara ta 195 kafin Miladiyya ya miƙa babbar hadaya, kuma daga nan sarakuna suka ɗauki abin a matsayin nasu. A shekara ta 630 sarki Taizong na daular Tang ya ba da umarnin a gina haikalin Konfushiyas a makarantar gwamnati ta kowace jiha da kowace gunduma, saboda haka hakimin da aka tura gari shi ne yake jagorantar hadayar, ɗaliban da suke shirin jarrabawar shiga aikin sarki kuma su ne mahalarta. Manomi ko ɗan kasuwa ba shi da abin yi a wurin. Idan buƙata ta taso masa, haikalin Buda ko na gunkin gari yake nufa. Daga cikin manyan ma'aikatu shida na daular akwai guda sukutum da aikinta shi ne bukukuwa da hadayu da jarrabawa. Fada ce take yanke lambar girman da za a ba Konfushiyas, ta ɗaga shi zuwa matsayin sarki a 739, sannan a 1530 sarki Jiajing ya cire masa wannan sarauta, ya mayar da shi babban malami, ya kuma sa aka maye gurbin gumakansa da alluna masu ɗauke da suna. Fada ce kuma take tantance malaman da za a sa allunansu a haikalin su sami rabo daga hadayar, wanda a aikace yake nufin gwamnati ce take yanke hukuncin wace fahimta ce ingantacciya. Wang Yangming, shahararren malamin zamanin daular Ming, bai sami shiga ba sai a 1584, fiye da shekara hamsin bayan rasuwarsa, bayan doguwar jayayya a fada.

Sai dai wannan riƙo bai taɓa zama na kwanciyar hankali ba, kuma a nan akwai wani labari da nake ganin ya fi kowanne bayyana halin da ake ciki har yau. Zhu Yuanzhang, wanda ya kafa daular Ming, ya karanta maganar Mengzi, babban magajin tunanin Konfushiyas, inda yake cewa jama'a su ne mafi daraja, sai ƙasa, sarki kuwa shi ne mafi sauƙin nauyi, da kuma inda yake nuna cewa kawar da azzalumin sarki ba kisan sarki ba ne. Ransa ya ɓaci, a 1372 ya sa aka fitar da allon Mengzi daga haikali. Malamai suka ƙi yin shiru, ba a daɗe ba aka mayar da allon, amma daga baya sarkin ya sa aka fitar da littafin Mengzi wanda aka zare masa sassa fiye da tamanin. Sarki yana buƙatar haikalin domin ya nuna mulkinsa halastacce ne, amma haikalin yana ɗauke da ma'aunin da za a iya auna sarkin da shi a ga ya gaza. Duk gwamnatin da ta rungumi Konfushiyas tana gadar wannan matsala tare da shi.

Rushewar tsarin ta zo da sauri. A 1905 aka soke jarrabawar da ta shafe ƙarnuka tana ciyar da haikalin da mutane, a 1912 sarauta kanta ta faɗi. Malamin nan mai neman gyara, Kang Youwei, da almajirinsa Chen Huanzhang suka kafa ƙungiyar addinin Konfushiyas, suna neman a rubuta shi cikin tsarin mulki a matsayin addinin ƙasa, amma majalisa ta ƙi. Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne shugaba Yuan Shikai, wanda ya yi hadayar Konfushiyas a Beijing a watan Satumba na 1914, ya yi hadayar Sama a watan Disamba, sannan a ƙarshen 1915 ya ayyana kansa sarki. Matasan masu neman sauyi, irin su Chen Duxiu wanda daga baya ya zama shugaban farko na jam'iyyar Kwaminis, suka ɗauki darasi cewa duk wanda ya fara da turaren Konfushiyas, gadon sarauta yake nufa. Jam'iyyar da take mulki yau daga cikin wannan ƙiyayya ta fito. A watan Nuwamba na 1966, a farkon juyin juya halin al'adu na Mao Zedong, wasu ɗaliban jami'ar horar da malamai ta Beijing ƙarƙashin jagorancin Tan Houlan suka isa Qufu, suka farfasa duwatsun tarihi, suka ƙone gunkin Konfushiyas, suka tone kaburburan zuri'arsa. A 1973 da 1974 kuma aka yi gangamin ƙasa baki ɗaya na sukar Lin Biao, tsohon magajin da Mao ya zaɓa kafin su ɓata, tare da Konfushiyas. Dattawan da suka fara halartar bikin bayan dawowarsa sun ga duk wannan da idonsu.

Dawowar ba ta ƙofar aƙida ta shigo ba, ta ƙofar yawon buɗe ido da neman jari ta shigo. A 1984 aka kafa Gidauniyar Konfushiyas ta Sin tare da goyon bayan Gu Mu, wanda ya riƙe muƙamin mataimakin firaminista kuma yana cikin jagororin buɗe tattalin arzikin ƙasar, kuma a wannan shekara Qufu ta fara shirya wa baƙi ziyarar zagayowar ranar haihuwar malamin, wadda a 1989 ta zama bikin al'adu na ƙasa da ƙasa. A lokacin 'yan wasa ne suke kwaikwayon hadayar domin masu kallo, babu wanda yake da'awar ana miƙa wani abu ga wani. Lokaci ne da ake ta maganar cewa bunƙasar Japan da Koriya ta Kudu da Taiwan da Singafo tana da alaƙa da tarbiyyar Konfushiyas, kuma attajiran Sinawa mazauna ƙetare, waɗanda ake zawarcin kuɗinsu, suna girmama shi. A 1994 hukumar UNESCO ta sa haikalin da maƙabartar da gidan zuri'ar Kong cikin kayan tarihi na duniya, aka kuma kafa ƙungiyar nazarin Konfushiyas ta duniya a Beijing, Lee Kuan Yew, tsohon firaministan Singafo, yana shugaban girmamawa. Babban sauyi ya zo a 2004, lokacin da gwamnatin birnin Qufu ta karɓi bikin a hukumance, magajin gari ya karanta takardar yabo, karo na farko tun kafuwar Jamhuriyar Jama'a a 1949. A 2006 aka sa shi cikin jerin farko na al'adun gado na ƙasa, daga baya kuma gwamnatin lardin Shandong da ma'aikatun tarayya suka shiga cikin masu shiryawa.

Idan ka koma kan hotunan da ka gani ka duba da kyau, za ka lura cewa abubuwa biyu ne aka haɗa a fili guda. Akwai 'yan rawa da makaɗa cikin tufafin dā, waɗanda da farko aka yi musu shigar daular Qing, daga baya aka koma ta Ming. Akwai kuma jami'ai cikin kwat, da ƙyallen rawaya rataye a wuya, waɗanda ba sa durƙusawa, ba sa kai goshi ƙasa kamar yadda hakiman dā suke yi. Kwandunan furanni suke ajiyewa, su sunkuyar da kai sau uku, kamar yadda ake yi a gaban kabarin gwarzon ƙasa. Da safe ake yi, lokacin da hasken ya dace da kyamara, kuma da katin gayyata ake shiga. Wanda ya san bambancin hawan Sallah da hawan da ake shirya wa manyan baƙi zai gane abin da nake nufi: dawakan da kayan adon duk ɗaya ne, amma wanda ake yi dominsa ya canza. Masu bincike biyu daga Faransa, Sébastien Billioud da Joël Thoraval, waɗanda suka bibiyi waɗannan bukukuwa a shekarun 2000, sun bayyana yadda masu kishin Konfushiyas daga cikin talakawa suke ganin bikin hukuma a matsayin wasan kwaikwayo marar rai, har sukan shirya nasu daban, su durƙusa su miƙa turare da zuciya ɗaya.

Dalilan gwamnati ba ɓoyayyu ba ne. Bayan mutuwar Mao, da kuma musamman bayan murƙushe zanga-zangar dandalin Tiananmen na Beijing a 1989 da rushewar Tarayyar Sobiyet, jam'iyyar ta ga cewa alƙawarin juyin juya hali shi kaɗai ba ya riƙe zukatan mutane, sai ta koma ga kishin ƙasa da alfahari da tsohon tarihi. Konfushiyas yana da amfani a nan ta fuskoki da dama. A cikin gida yana koyar da biyayya ga iyaye da girmama na gaba da zaman jituwa, kalmar da shugaba Hu Jintao ya mayar da ita taken mulkinsa. Ga Taiwan da Sinawan ƙetare, shi kaka ne na kowa, wanda ya riga rabuwar Taiwan da babban yankin Sin a 1949. Ga sauran duniya kuma fuska ce mai laushi, shi ya sa aka ga almajirai 3000 suna rera maganganunsa a bikin buɗe gasar Olamfik ta Beijing a 2008, shi ya sa kuma aka sa sunansa a cibiyoyin koyar da harshe da aka fara buɗewa a Seoul a 2004. Irin waɗannan cibiyoyi suna nan a Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka, kuma yana da kyau a sani cewa harshen Sinanci da al'adu suke koyarwa, ba su da alaƙa da hadayar da muke magana a kai sai ta suna. Kada kuma a raina dalilin kuɗi, domin ƙananan hukumomi suna gasar mallakar kakanni: Huangling a Shaanxi da Xinzheng a Henan kowanne yana shirya babban biki ga Sarki Rawaya, wanda Sinawa suke ɗauka kakan al'ummarsu, Shaoxing tana yi wa Yu Mai Girma, wani sarkin labaran dā, kuma kowane biki yana zuwa da otal-otal cike da baƙi da taron masu zuba jari.

Amma akwai iyakar da ba a ƙetarewa, kuma tana fitowa fili idan aka jera wasu abubuwa kusa da juna. A watan Janairu na 2011 aka kafa mutum-mutumin Konfushiyas na tagulla mai tsawon mita 9.5 a gaban gidan tarihi na ƙasa, a gefen dandalin Tiananmen, kusa da inda hoton Mao yake rataye. A watan Afrilu aka ɗauke shi cikin dare aka kai shi wata farfajiya a cikin gidan tarihin. A 2013 aka fitar da daftarin mayar da ranar malamai daga 10 ga Satumba zuwa 28, ranar haihuwar Konfushiyas, amma har yau tana nan a 10. Shugaba Xi Jinping ya fi duk waɗanda suka gabace shi nuna kusanci da wannan gado: ya ziyarci Qufu a watan Nuwamba na 2013, a watan Satumba na 2014 ya yi dogon jawabi a taron cika shekara 2565 da haihuwar malamin, a 2017 aka fitar da babbar takardar manufa kan raya kyawawan al'adun gargajiya, a 2021 kuma ya kawo maganar haɗa tushen Markisanci da waɗannan al'adu. Duk da haka, taron 2014 a Babban Zauren Jama'a aka yi shi, ba a haikali ba, kuma jawabi aka yi, ba hadaya ba. A wannan shekarar ce aka ware 30 ga Satumba ta zama ranar tunawa da waɗanda suka ba da ransu domin ƙasa, kuma a wannan ranar ce, kwana biyu bayan bikin Qufu, manyan shugabannin jam'iyya suke fitowa da kansu su ajiye furanni a Tiananmen. A Qufu jami'an lardi da na ma'aikatu ake turawa. Wannan jerin matsayi, a ƙasar da ta daɗe tana ƙidaya layukan masu rawa, ba a kan kuskure ya zo ba.

Batun suna shi ne ƙashin bayan tsarin. Addinai biyar ne gwamnatin Sin ta amince da su: na Buda, na Dao, Musulunci, Katolika da Furotesta, kowanne da ƙungiyarsa ta ƙasa da ke ƙarƙashin sa idon jam'iyya. Tafarkin Konfushiyas ba ya cikinsu. Da yana ciki, da ɗan jam'iyya, wanda dokar jam'iyyarsa ta hana shi bin addini, ba zai iya tsayawa a gaban haikalin ba, da kuma ba za a iya koyar da littattafansa a makarantun gwamnati ba. Rashin kiran sa addini ne ya buɗe masa ƙofar makaranta da talabijin da kasafin kuɗi. Amma wannan rashin sunan ne kuma ya hana shi samun limamai da majalisa da dukiyar kansa. Haikalin Konfushiyas na birane a yau yawanci gidajen tarihi ne a ƙarƙashin hukumomin kayan gado, ana sayen tikiti a shiga.

Akwai waɗanda wannan bai gamsar ba. Masanin nan Jiang Qing, wanda sunansa ya yi kama da na matar Mao a rubutun boko amma babu abin da ya haɗa su, ya bar aikin koyarwa ya kafa makarantarsa a tsaunukan Guizhou, ya yi kira da a mayar da tafarkin Konfushiyas addinin ƙasa, har ya zana majalisa mai zauruka uku, ɗaya na malamai, ɗaya na wakilan jama'a, ɗaya kuma ƙarƙashin jagorancin zuri'ar Kong. Kang Xiaoguang ya yi kira makamancin wannan. Almajirin Jiang, Zhou Beichen, ya buɗe wani zauren ibada a Shenzhen a 2009, inda ake taron mako-mako da ɗaurin aure, amma da rigar ƙungiyar al'adu ya samu damar yin aiki. A ƙarshen 2010, da labari ya fito cewa za a gina coci mai tsawon sama da mita 40 a Qufu, wasu masana goma suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna cewa garin ƙasa ce mai tsarki, aikin kuma ya tsaya. Ana iya ganin wannan a matsayin nasara, sai dai ya nuna raunin matsayinsu: Kiristocin garin suna da addinin da doka ta sani, su kuwa sai dai su roƙi hukuma. A ganina masu neman addinin ƙasa ba su yi lissafin abin da zai biyo baya ba, domin gwamnatin da za ta ba su wannan matsayi ita ce za ta naɗa musu shugabanni ta kuma tace musu littattafai, kamar yadda Zhu Yuanzhang ya yi wa Mengzi. Wasu daga cikin masana Konfushiyas na Sin sun faɗi haka tun lokacin.

A ƙasa da wannan mataki akwai wani farfaɗowa da ba gwamnati ce ta ƙirƙira ba, ko da yake tana sa masa ido. Iyaye suna kai yara haikali a yi musu bikin fara riƙe alƙalami, a ɗiga musu jan launi a goshi. Ɗalibai suna rataye allunan fata kafin jarrabawar shiga jami'a. A kudancin ƙasar dangogi sun sake gina zaurukan kakanni sun sabunta littattafan nasaba. Zuri'ar Kong kanta ta kammala sabon littafin nasabarta a 2009, mai ɗauke da sunaye kusan miliyan biyu, aka kuma sa mata a ciki a karo na farko. Tun 2008 ranar Qingming, wadda ake share kaburbura, ta zama ranar hutu. Amma inda wannan ɗabi'a ta ci karo da tsarin hukuma, hukuma ce take rinjaye. A 2012 an baje kaburbura masu ɗimbin yawa a yankin Zhoukou na lardin Henan domin faɗaɗa gonaki, a 2018 kuma jami'ai a sassan Jiangxi suka ƙwace akwatunan gawa da tsofaffi suka tanada domin tilasta ƙone gawa. Babu abin da ya fi binne iyaye da girmama kabarinsu muhimmanci a tsarin Konfushiyas, kuma masana wannan tafarki suna cikin waɗanda suka yi suka da kakkausar murya. Haka nan makarantun da suke sa yara haddar tsofaffin littattafai dare da rana maimakon manhajar gwamnati, wani motsi da malamin Taiwan Wang Caigui ya yaɗa tun shekarun 1990, ma'aikatar ilimi ta bayyana cewa ba za su maye gurbin karatun dole ba.

Saura ɓangaren tambayarka na ko addini ne. Wannan gardama ta girmi jam'iyyar Kwaminis da fiye da shekara dubu biyu. An ruwaito cewa Konfushiyas yana yin hadaya kamar waɗanda ake yi wa suna nan a wurin, amma da aka tambaye shi game da hidimar ruhohi sai ya ce wanda bai iya hidimar mutane ba, ta yaya zai yi ta ruhohi. Xunzi, wanda ya zo bayansa, ya faɗi abin ƙarara: mai ilimi yana ɗaukar hadaya a matsayin hanyar tarbiyyar ɗan Adam, talakawa kuma suna ɗaukar ta hidimar ruhohi. Cocin Katolika ya shafe fiye da ƙarni guda yana wannan muhawara. Mabiyan Matteo Ricci, limamin Katolika ɗan Italiya da ya yi wa'azi a Sin, suka ce girmamawa ce ta zamantakewa, sarki Kangxi ya goyi bayansu a 1700, fadar Fafaroma ta haramta a 1704 ta kuma jaddada haramcin a 1742, sannan a 1939 ta janye. Malaman Musulunci na Sin irin su Wang Daiyu da Liu Zhi sun yi amfani da kalmomin Konfushiyas wajen bayyana tauhidi da ɗabi'a, suna ɗaukar sa a matsayin mai hikima, ba abin bauta ba. Saboda haka a fili guda a Qufu za ka iya samun jami'in da yake aikin ofis, da malamin jami'a da yake girmama tarihi, da wata tsohuwa da take roƙa wa jikanta sa'ar jarrabawa, kuma tsarin bikin bai tilasta wa kowa ya faɗi abin da yake zuciyarsa ba. Wannan sassauci shi ne ya sa gwamnati marar addini ta iya ɗaukar sa ba tare da ta canza aƙidarta ba.

Kwatanci da maƙwabta yana nuna cewa hanyar Beijing ba ita kaɗai ba ce. A Taiwan, inda Kong Decheng, na tsara ta 77 a zuri'ar Konfushiyas, ya koma a 1949, har yanzu akwai muƙamin gwamnati na mai kula da hadayar Konfushiyas, wanda aka ƙirƙira a 1935 a madadin tsohuwar sarautar gidan, kuma jikansa Kong Chuichang ya gaje shi a 2009. Bikin Taipei da sassafe ake yin sa, magajin gari ne babban mai miƙawa, an kuma daidaita tsarinsa tsakanin 1968 da 1970 a matsayin martanin Chiang Kai-shek, shugaban gwamnatin Taiwan na lokacin, ga ɓarnar da ake yi a babban yankin Sin, wato shi ma siyasa ce ta haife shi. A Koriya ta Kudu, makarantar Sungkyunkwan ta Seoul tana yin hadayar sau biyu a shekara, ƙungiyar malaman Konfushiyas ce take riƙe da ita, gwamnati kuma ta sa ta cikin al'adun gado a 1986 ba tare da ta zama mai gabatarwa ba. Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, ita ce ta bi hanyar da Sin ta ƙi: bayan takunkumin da shugaba Suharto ya sa wa al'adun Sinawa a 1967, shugaba Abdurrahman Wahid, wanda ya jagoranci ƙungiyar Nahdlatul Ulama, ya soke shi a 2000, kuma a yau tafarkin Konfushiyas yana cikin addinai shida da hukuma ta amince da su, da malamansa da wuraren ibadarsa, mabiyansa kuma suna iya rubuta shi a katin shaida su yi rajistar aurensu da shi.